Sabon Inji da Kunnen Baba

Kazaure, 2 ga Agusta

Zuwa ga maigidana, Abban Shahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da zaman jirgi? Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, duwatsun Kazaure duk sun yi kore. Shahida tana gaishe ka. Ka ce tunda waya ba ta kamawa sosai a tsakiyar teku, in riƙa rubutawa da hannuna ina turo maka hoton takardar. To ga shi, amma ban yarda ka yi wa rubutuna dariya ba.

'Yar gatan taka ta iso ranar Laraba, a lulluɓe a bayan babbar mota. Da aka yaye mata mayafi sai unguwa ta cika. Ja ce wur, kujera biyu kacal, ga ta ƙasa-ƙasa. Maƙwabcinmu Malam Muhammadu Lawal ya zagaya ta, ya ce wannan ai akuyarsa ma za ta tsallake ta. Ni dai na ce Allah ya sanya alheri, tunda tun kafin ka aure ni kake mafarkin motar tsere.

Mutumin da ya kawo ta ya yi mini dogon bayani. Ya ce sabon inji sai an hore shi a hankali har ƙarafunansa su zauna da juna. Kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar na farko, kada allurar agogon inji ta wuce lamba huɗu, kada a take totur da ƙarfi, kada a tashi sai inji ya ɗumama, kuma kada a daɗe a gudu iri ɗaya. Na ga saƙonka cewa ni zan yi mata wannan horo tunda muna hutun makaranta. Abban Shahida, ni da ban taɓa wuce gida zuwa makaranta a 'yar motata ba?

Ka tambaye ni lafiyar Baba mahaifinka. Jikinsa lafiya, likita ya sake duba shi bai ga komai ba. Amma tun rasuwar Hajiya mahaifiyarka har yau bai dawo daidai ba. Ya daina zama a zaure, rediyonsa a kashe, abinci yadda na kai haka nake ɗauko shi, sai ɗan abin da ya taɓa don kada in ji kunya. Abokansa sun gaji da sallama ana ce musu yana hutawa. Da aka ce masa motarka ta zo, ta bayan labule ya yi addu'a, ko leƙowa bai yi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motocin masarauta, wanda ko babur ne ya wuce sai ya faɗi abin da ke damun injinsa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ina tsoron kada ka dawo ka tarar ya bi Hajiya. Na faɗa maka ne don ka dage da addu'a.

Ka huta lafiya. Taka,
Zulaiha

Kazaure, 11 ga Agusta

Abban Shahida,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, da fatan teku ta yi muku sauƙi. Muna lafiya. Zauna da kyau, yau akwai labari.

Ƙaninka Sama'ilu ya zo ranar Asabar da sassafe, wai bikin abokinsa ake yi, yana son motar Yaya a jerin angwaye. Na yi masa bayanin horon inji, ya ce mata da tsoro. Na mayar da abin wasa, na ce makullin ya ɓata, ya shiga falo ya ɗauko shi a inda ya san ina ajiyewa. Ka san ba na iya yi wa ƙanin miji tsawa a gidan ubansa. Ya tayar da ita, ko ɗumama ba ta yi ba ya shiga danna totur don abokansa na ƙofar gida su ji. Tattabarunka suka watse, Shahida ta fashe da kuka.

Sai ga Baba. Babu hula, babu takalmi, ya fito daga ɗakinsa da saurin da ban san yana da shi ba. Ya zura hannu ta taga ya kashe motar, ya zare makullin. Rabon da in ji muryarsa a sama haka tun Hajiya tana raye. Ya wanke Sama'ilu tas, ya ce wanda zai yi wa inji mai sanyi wannan cin mutunci bai cancanci ko keke ba. Da ya huce, ya sa aka buɗe gaban motar, ya tayar da ita da kansa, ya tsaya ya karkata kai yana saurare har ta ɗumama.

Daga nan ya tambayi wanda ka ba amanar horon. Sama'ilu ya nuna ni da baki. Baba ya ce idonsa ya yi rauni, ba zai hau titi ba, kuma bai yarda da ƙafar Sama'ilu ba. Don haka wadda mai mota ya zaɓa ita za ta ja, shi kuma zai zauna yana saurare.

Ka hango matsalar? Kujera biyu ce. Shekarata nawa a gidan nan, ban taɓa zama tabarma ɗaya da Baba ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yau wai kafaɗata da tasa ba su fi tsawon hannu ba. Da na faɗa wa Ummata a waya sai da ta yi salati, ta ce ita ba ta taɓa jin inda suruka ta ɗauko surukinta a gefe ba. Amma na tuna kwanukan abincin da ke dawowa a cike, na ce ko me za a faɗa a gari sai na ja motar nan.

Na zumbula hijabina mafi girma. Shi ma kunyar yake ji, ya juya fuska waje tun daga gida har hanyar Roni. Can na daɗe a giya ta biyu, inji ya fara kuka, sai na ji Baba ya ɗan bugi gaban motar da yatsa, ya ce wa motar ta gaya wa mai janta ta ƙara giya. Wallahi da motar yake magana, ba da ni ba! Ni ma sai na ce wa motar ta gaya wa Baba an ji, an gode. Haka muka yi har muka dawo, kuma dabarar ta yi mana.

Da daddare ya cinye tuwonsa. Na tsaya ina kallon kwanon kamar sakarya.

Ka gaishe da abokan aikinka. Matarka,
Zulaiha

Kazaure, 29 ga Agusta

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka fatan alheri. Na ga amsarka, na ga kuma dariyar da ka cika takarda da ita. Ka yi ta yi, zan rama.

Yanzu kullum da hantsi muke fita. Baba ne ke zaɓar hanya. Ya fi son ta Roni saboda hawa da gangara da kwane-kwane, wai nan inji ke koyon aiki, miƙaƙƙen titi sangarta shi yake yi. A gangara ba ya bari in dogara da burki, sai in rage giya inji ya riƙe kansa. Kafin mu tashi shi ke zaro sandar baƙin mai, ya murza a yatsa ya shinshina. Tuddan rage gudu na cikin gari kuwa a karkace nake hawansu, ina addu'a kada cikinta ya gogu. Sau ɗaya gefen hijabina ya naɗe sandar giya, Baba ya ce wa motar ta ba mai janta shawara ta nemi ƙarami. Na nema.

Mun je Gwiwa har sau uku. Can ya sa na tsaya ya sayi fura a wurin wasu Fulani, ya sha a gindin bishiya, ni kuma na sha tawa a mota na juya masa baya. Tsofaffin direbobi a tasha sun gane shi, suka yanyame shi. Da ka ga yadda yake nuna musu injin, sai ka rantse shi ya ƙera shi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. A hanyar dawowa ya kan ba motar labarin Hajiya. Yadda take ɗaura masa dambun nama a ƙyalle in zai yi doguwar tafiya, yadda take gane ƙarar motarsa tun daga nesa ta ɗora ruwan wanka. Ranar Talata muryarsa ta karye a tsakiyar labari, ya yi kuka sosai. Na kafe idona a titi kamar ban ji ba, nawa hawayen suna zuba cikin hijabi. Ban taɓa ƙaunar dattijon nan kamar ranar ba.

Ga damuwata. Mun wuce kilomita dubu ɗaya da ɗari biyu. In horo ya ƙare, me zai sake fito da shi? Ba don kansa yake fita ba, don kada a ɓata maka inji ne. Na fara zaɓar gajerun hanyoyi don abin ya ja, sai ya ce wa motar mai janta ta koyi rowar titi. Ƙarya kuma ba za ta yi ba, duk nisan garuruwan nan a kansa yake. In kana da dabara ka turo mini da wuri.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Taka har kullum,
Zulaiha

Kazaure, 14 ga Satumba

Abban Shahida, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ka yi haƙuri da shiruna, na bari ne in ga inda al'amari zai tsaya.

Horo ya ƙare. Mun kai ta Kano aka yi mata juyen baƙin mai, aka canza matatar mai. Baba ya tsaya a kan makanikan har sai da ya ga tsohon man da idonsa. Da muka dawo gida ya shafa gaban motar, ya ce mata ta gama makaranta, ya shige ɗaki. Washegari bai fito ba. Kashegarinta ma haka. Abinci ya fara dawowa da saura. Na zauna a kicin na yi kuka har Shahida ta tambaye ni wa ya dake ni.

Ashe ba a ɗakinsa yake wuni ba. Ɗakin Hajiya ya buɗe, wanda tun ranar jana'iza ya kulle ya hana kowa shiga. Shi kaɗai ya zauna yana fito da zannuwanta da mayafanta da kwanukanta, yana ƙulle su ƙulli-ƙulli, kowanne da wadda yake nufi da shi cikin 'yan'uwanta da ƙawayenta. Ranar Alhamis da hantsi na ji sallama a ƙofar sashenmu. Na fito na gan shi cikin babbar riga da hula, da ƙulli a hannu, yana faɗan an makara. Babura za mu, wurin Inna Saude ƙanwar Hajiya, wadda ko da ta zo ta'aziyya bai iya haɗa ido da ita ba.

Sama'ilu ya ce a bari ya samo a-kori-kura a kwashe kayan gaba ɗaya a raba a wuni guda. Baba ya ce kayan matarsa ba buhunan gero ba ne, kowane ƙulli da hannunsa zai miƙa, ya zauna a gaisa. Wurin kayan motarka kuwa ƙulli ɗaya yake ɗauka, da ƙyar ma yake rufuwa.

Bayan mun wuce Kanya Babba titi ya miƙe, babu kowa, babu ko dabba. Baba ya ce yanzu a sakar mata mara. Na taka, allura ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ta kai shida. Abban Shahida, motar nan ta yi wata ƙara da ta manna ni da kujera, gonakin gero suka koma kore kawai. Tsoro ya sa na ɗaga ƙafa da wuri. Da na saci kallonsa, dattijon nan riƙe yake da hularsa yana dariya har da tari.

Inna Saude ta rungume ƙullin ta yi kuka, shi ma ya yi, sannan suka ci abinci suka yi hira har la'asar. Da ƙyar na samu muka taho.

Baba ya ce in tambaye ka ko ka yafe rabonka na tufafin Hajiya a ba da su sadaka, Sama'ilu da 'yan'uwanka mata duk sun yafe. Ka amsa da wuri, don ya riga ya tsara inda za mu ranar Asabar, tunda an koma makaranta. Na leƙa ɗakin jiya, ƙulle-ƙullen sun kai taga, wasu na Roni, wasu na Gwiwa, wasu har Achilafiya. Ka yi haƙuri, in ka dawo ba za ka tarar da sabuwar mota ba. Amma in Allah ya yarda za ka tarar da mahaifinka a zaure, in ma ka same mu a gida.

Shahida tana gaishe ka, Baba yana sa maka albarka. Ni kuma ina nan ina jiranka.

Matarka mai ƙaunarka,
Zulaiha