Bindigar Baba da Jak ɗin Maƙwabci

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman daji? Na kira wayarka har na gaji, na san wurin gina madatsar ruwan nan babu sabis, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda.

Maganar Baba ce. Ka san yadda ya koma tun rasuwar Mama, daga kujera sai kallon bango. To satin da ya wuce na dawo daga shagon ɗinki na tarar da shi yana sauko da tsohuwar bindigar iskar nan tasa daga saman kabad. Ya goge ta da tsumma, ya shige ɗakin ajiya, ya danna sakata. Yanzu kullum can yake wuni, abinci sai ya huce a bakin ƙofa. Ya kwashe rigunansa masu kyau ya ba mai gadin layinmu. Ya sayo katako mai kauri, ya aro jak ɗin mota wurin maƙwabci, mu da ko keke ba mu da shi. Na ce, "Baba, me ake haɗawa?" Ya ce, "Kada ki shigo ɗakin nan, ko me kika ji."

Ko me na ji fa, Yaya! Tun daga ranar gabana bai daina faɗuwa ba.

Na ɓoye gwangwanin harsasan a aljihun keken ɗinkina, amma ai zai iya sayo wasu. Don haka na yanke shawara. Ranar da zai je asibiti awon jini zan buɗe kwaɗon da makullan Mama. Na leƙa ta taga na ga wata 'yar ƙusa a gindin bututun bindigar, da alama ita ta riƙe komai. Zan fitar da ita da guduma in watsar da kayan cikin a bola. Ya yi fushi da ni, na yarda, in dai yana raye.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa ta jira. KADA KI TAƁA ƘUSAR NAN.

A cikin bututun akwai sifirin, ƙarfe ne murɗaɗɗe da aka danne da ƙarfin tsiya, ko bindigar ba a ɗane take ba. Ƙusar da kika gani ita kaɗai ta tare shi. Kika fitar da ita, murfin baya zai yi tsalle kamar an harba shi, kuma fuskarki ce a wurin. Ni da nake gyaran manyan injuna na ga abin da sifirin ya yi wa haƙoran wani.

Ki natsu ki ji. Katako da jak, a ganina abin matse sifirin yake haɗawa, don ya buɗe bindigar a hankali ba tare da ta ji masa ciwo ba. Wanda ya gaji da duniya ba zai ɓata kwanaki yana lallaɓa idonsa ba. Haka nake ta gaya wa kaina. Amma maganar rigunan ta tsaya mini a wuya, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na nemi hutu, shugaban aiki ya ce sai wani satin. Direba kuma sai jibi zai koma wajenku, ban sani ba ko takardar nan za ta riga ranar asibitin. Yau sau biyu ina ɗaure noti a inda ba wurinsa ba.

In ta same ki a kan lokaci, ajiye gudumar, ki zauna a gabansa ki tambaye shi baki da baki. Mu 'yan gidanmu mun iya komai ban da tambaya.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Saki ranka, idona biyu, haƙorana cif. Takardarka ta iso bayan an sha ruwa an ɗauke tabarma.

Na buɗe ɗakin kamar yadda na ce. Na tarar ya cire ƙotar bindigar ta itace, ya kwantar da bututun a kan katakon, ya ɗaure shi da tsofaffin bel guda biyu. Bakin ya tokare da wani guntun itace da ya manna wa robar silifa. Jak ɗin yana kwance a ɗaya gefen, an kafe shi da ƙusoshi, amma bai kai ga taɓa gindin bututun ba. Na sunkuya, na saita ƙusa a kan 'yar ƙusar, na buga sau ɗaya. Ta motsa. Na ɗaga gudumar zan ƙara.

"AUTA!"

Katin asibiti ya manta ya dawo ɗauka, Yaya. Katin asibiti! Rabon da in ji muryar Baba haka tun muna yara. Ya fizge ni gefe, ya durƙusa ya yi ta murza jak ɗin har ya danne gindin bututun. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce, "Kashe kanki za ki yi?"

Na ce, "Ni ko kai, Baba? Bin Mama za ka yi ka bar ni?" Sai kuka ya ƙwace mini.

Sai ya ce, "Tashi mu je." Ya kai ni bayan gida, wurin akurkin kajin Mama. Ya ce, "'Yan tsakin nan, haka kika san su?" Wallahi ban lura ba, sun ragu fiye da rabi. Ashe ɓeraye ne suke fitowa daga magudanar ruwa suna janye su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce guba ba ta sawuwa, kajin za su ci. Tarko kuma ya karya wa kaza guda ƙafa. "Uwarku ta bar mini su. Ina zaune ɓera ya gama da su? Na ɗauko bindiga, sai ta tofar da harsashin a gabana kamar mai tsartar da yawu."

Na ce rigunan fa? Ya ja wuyan ta jikinsa ya nuna mini. "Mutum biyu za su shiga nan. In ajiye su asu ya ci?" Ƙofar kuwa, wai tsoro yake kada in shigo da faranti daidai lokacin da abu zai ƙwace. Na yi dariya ina share majina.

Ranar dai ba a je asibiti ba. Ya ce tunda na fara, sai in ƙarasa. Ya fitar da ƙusar da ɗan yatsa, don jak ɗin ya riga ya ɗauke mata nauyi. Ni na riƙa sassauta jak ɗin, yana tsaye a kaina: "A hankali. Ba keken ɗinki ba ne." Murfin ya yi ta biyo jak ɗin baya, katakon na ƙara, ina jin ƙarfin abin har kafaɗata. Sai ga sifirin ya leƙo, ya miƙe, ya kwanta lumui. A karye yake gida biyu, robar gaban ma ta ruɓe kamar tsohon takalmi. Muka goge ciki, muka shafa man giris, muka sa sabon sifirin da sabuwar roba da ya saya, muka mayar.

Da muka gama ya ce, "Akwai abinci?" Yaya, har ƙari ya nema.

Ba sai ka yi faɗa da shugabanka ba. Ka zo in an ba ka hutun.

Auta

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ƙanwarka ta karanta mini takardarka. Ka yi gaskiya a kan sifirin. Ka yi gaskiya kuma a kan tambaya.

Abin da ta ji tsoro ban taɓa nufinsa ba. Amma akwai safiyoyin da gari ya waye ban ga dalilin sauko da ƙafata daga gado ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Yanzu na gaya mata, ga shi na gaya maka. Gobe za ta raka ni asibiti, in gaya wa likita.

Bindiga ta dawo da ƙarfinta. Idona ne bai dawo ba. Na harbi bokiti, na harbi igiyar shanya. Ɓera huɗu da aka samu duk Auta ce, kuma ta hana ni sakat da gori.

In za ka taho, ka sayo mini wando biyu. Kada ka sayi ƙanana sosai, na fara cikowa.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka