Ƙanin Mijina Ya Hana Shi Shan Hantsi

Hajiya Tamada, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mijina Tanko masunci ne a Warra. Ƙari ya fito masa a maƙoshi, aka ce ciwon daji ne. Ƙaninsa Wakili, mai fataucin kifi a Yelwa, ya kai shi ƙasar waje, wai allura aka yi masa, aka haska masa fitila ta baki. Fitila kuma, Hajiya? Tun dawowarsu Wakili ya kafa dokar kada rana ta taɓa shi. Mutumin da ya tashi a kan ruwa, ga shi a ɗaki kamar mai jego. Mu a nan hantsi ake fitar da majinyaci ya sha, jiki ya warware. Inna, mahaifiyarsu, ta fito da shi sau ɗaya, kafin azahar fuskarsa ta kumbura jawur. Wane irin magani ne rana ke tayarwa, in ba sammu ba? Ga kwalekwalen Tanko Wakili ya ja zuwa Yelwa, wai ajiya. Ni dai ban yarda da shi ba. Juma'a zan zaunar da Tanko a tsakar gida, dangi su gani da idonsu.

Mai Zargi, Warra

'Yar'uwa, kul, kada ki fito da shi. Na tambayi likita. Allurar nan tana bin jini ko'ina. Lafiyayyen nama yana wanke ta, amma jijiyoyin ƙari suna yoyo, ba su da mafita mai kyau, sai maganin ya taru a ciki. Ba ya aiki sai haske ya same shi, shi ya sa aka haska ƙarin kaɗai. Sauransa yana daɗewa a fata na makonni, rana kuwa haske ce. Abin da ya ƙona fuskar ke nan, ba sammu ba.

Wakili ma da laifinsa. Doka ya ba ki, bai ba ki bayani ba, alhali ke ke jinya. Ki zaunar da shi gaban Inna ya faɗi tsawon lokacin da likita ya ɗiba na gudun rana, a kuma yi maganar kwalekwale a fili. Ba sai ɗaki ya yi duhu ƙirin ba, amma in fita ta kama, a rufe wa Tanko fuska, a rufe masa hannuwa. In kika tara dangi ranar Juma'a, fatar mijinki ce za ta ƙone, kuma da hannunki. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.