Tauren Kirsimeti Yana Nan a Turke, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hannatu, wadda take hutawa a bayan gonar gero.

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar 'ya ga uwa, da ladabi da ban girma. Ba zan tambayi lafiyarki ba, kin riga mu isa inda ba a ciwo. Mu dai muna nan ƙauyenmu na bayan Baure yadda kika bar mu, sai dai mun ƙara raguwa.

Yau jajiberin Kirsimeti. Tauren akuyar da na yi kiwo tun kaka yana turke. Tun shekaranjiya na aika wa Haruna, ɗan marigayi Malam Sule mahauci, ya zo ya yanka mana, ga rana ta take tsaka bai zo ba. Ɗanki Ishaya ya iso daga Kano, sai wasa wuƙa yake yi a dutse yana hararata, wai in bar shi ya yanka a huta. Kin san abin da hakan yake nufi. In hannunmu ya yanka, babu kwanon da zai shiga gidan maƙwabci ko ɗaya, abin da kika riƙe tsawon ranki kuwa ya ƙare a hannuna ke nan.

Ke kika koya mini. Naman Kirsimeti Musulmi ne ke yanka shi, don duk unguwa ta ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Malam Sule yakan zo da hantsi, ya yi bisimillarsa, ya yanka, ya feɗe, ya ɗauki rabonsa. Ni kuwa in yini ina kai kwanuka gida-gida har ƙafata ta yi tsami. Da Sallah su ma nasu kwanukan su cika mana tsakar gida.

Sai shekarar da aka kafa Shari'a. Kullum rediyo da labarin tashin hankali daga garuruwa masu nisa. A nan ba wanda ya ɗaga mana yatsa, Inna, gaskiya ɗaya ce, tsoro ne ya shiga tsakani, namu da nasu. Dattawan ikilisiya suka ce a daina buga ƙarfen kiran sujada. Ku 'yan zumuntar mata kuka kife tulunan kiɗanku a lungu. Gidajen 'yan ikilisiya suka fara kwashe kaya suna tafiya da sassafe, ba ko sallama.

Jajiberin wannan shekarar Malam Sule bai zo ba.

Kika shimfiɗa tabarma a bakin zaure kika zauna. Ke da ko kaza ta shiga ɗaki sai kin yi mata wa'azi, ranar ko kallon cikin gida ba ki yi ba. Hannuwa a cinya, ido a hanya, tun hantsi har inuwa ta juya. Ranar Kirsimeti tuwo da miyar kuka muka ci, taure yana kallonmu yana tuƙa. Na cika na yi fam, na ce ko Allah ma ya tashi daga garin nan. Ba ki mare ni ba. Kika ce, “Allah ba ɗan talla ba ne, ba sai ya yi ihu ake sanin yana nan ba.”

Daga nan in kun haɗu da Malam Sule a hanyar rijiya sai ya sunkuyar da kai. Ke kuwa ki tsaya ki gaishe shi, ki tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Haushi kamar ya kashe ni.

Da bazara kika tafi, lokacin da ƙasa ta yi tauri kamar dutse, samari duk sun tafi ci-rani. Mazan da suka rage a ikilisiya fasto ne da tsoho Baba Yohanna mai ciwon baya. Ishaya yana hanya da akwatin da ya sa aka yi miki. Ina zaune gefen gawarki gari ya waye, ban san wanda zai haƙa miki makwanci ba. Addu'a ma ta ƙi fitowa.

Sai na ji sara daga bayan gona, tim, tim, a hankali, ba gaggawa. Na ɗauka Baba Yohanna ne yake wahalar da kansa. Da rana ta ɗaga na ɗebi ruwa na kai, ban tarar da kowa ba, sai rami a gama. Baba Yohanna ne ya gaya mini Malam Sule ne, daga sallar asuba ya wuce can da digarsa.

Amma irin nasu ya haƙa, Inna, shi kaɗai ya iya. Babban rami, a cikinsa wani siriri daidai kafaɗar mutum, ga itacen rufi ya sassare ya jera a gefe. Da aka iso da akwati, ya ƙi shiga. Ishaya ya ɗauki diga zai faɗaɗa, ransa a ɓace. Fasto ya daɗe yana kallon ramin, sa'an nan ya riƙe masa hannu ya ce, “Aikin da aka yi da irin wannan gumi ba a yi masa gyara.” Muka naɗe ki a zanen zumuntar mata, muka kwantar da ke a kan gefen jikinki yadda ramin ya yarda.

Akwatin ya zauna a ɗakinki babu kowa ciki, ina share gefensa kullum, har ranar da aka buƙace shi don Baba Yohanna.

Kirsimetin da ya biyo baya Malam Sule ya zo da wuƙarsa kamar bai taɓa fashi ba. Har ya rasu bana da damina bai faɗi abin da ya hana shi zuwa ba, ni ma ban tambaya ba. Haruna kuwa ban san zuciyarsa ba. Yaron kirki ne, amma ban san abin da ake gaya masa ba.

Har yau in mata suka fara daka da sassafe sai in ji kamar saran nan ne. Ina yin addu'a, Inna, sau da yawa shiru nake ji. Amma ran nan ma ina zaune ina cewa an yashe mu, ashe tuni ana can ana yi mana aiki.

Yanzun nan na karɓe wuƙar daga hannun Ishaya, na danne ta a ƙarƙashin cinyata. Jikokinki sun tura baki. Ni ba ni da haƙurinki, kuma ina kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya ci gaba da riƙe ki cikin salamarsa. Ya zauna tare da ni a bakin zauren nan, ko zai yi magana ko ba zai yi ba. In Haruna ya zo, na gode masa. In bai zo ba, Allah ya ba ni bakin da zan tsaya in gaishe shi gobe a hanya, in tambayi iyalinsa. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce 'yarki mai taurin kai,
Rifkatu.