Kalmar da Likita Ya Faɗa a Kan Hannun Baba

Zuwa ga Yayana Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ramlat da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, gyaɗa ce ta rage a gona. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana takawa zuwa gidan Yaya Hure. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda ka kira waya Baba na kusa, ba na iya sakin baki.

Yaya, maganar hannun Baba ce. Tun damina hannunsa na dama ke rawa, yana ɓoye shi cikin riga. Ka san wanzamin da ya tsufa da aska a hannu ba zai amsa wannan da wuri ba. Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu Fatihu, ya zaro aska zai yi wa jariri aski, sai ya tsaya, ya mayar da ita zabira, ya ce kansa ke ciwo. Washegari muka lallaɓa shi zuwa asibitin Makoda, ni da Iliyasu ɗan Kawu. Likita ya sa shi ya miƙe hannu, ya taɓa hancinsa, sannan ya juya wajen ma'aikaciyar jinya ya kama Turanci. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, wai tremor. Mu kuwa abin da ya ce mana kawai a rage shayi da goro, a dawo bayan wata. Kafin in buɗe baki an kira na bayanmu.

Wannan kalma ita ta hana mu sakat. Tun a mota Iliyasu ya duba wayarsa ya ce ai girgizar ƙasa ke nan, Baba ya tambaye shi ko shi ya zama fili ne. Mijin Yaya Hure, da yake yana koyarwa a firamare, ya ce a'a, ana faɗinta ne ga muryar mai jin tsoro, don haka fargaba ce ke damun Baba. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai kemis ɗin bakin kasuwa. Iliyasu ya tambaye shi, shi kuma a gaban masu sayen magani ya ce ya fi sanin kalmar a wajen mashayan da suka daina sha. Kafin la'asar zance ya kai majalisa. Baban da ko sigari bai taɓa riƙewa ba, yau shi ake yi wa kallon gefen ido a masallaci.

Abin haushi, mu da bakinmu mun raba komai. Rawar ɗari daban, karkarwar zazzaɓi daban, kyarmar tsoro daban, ba wanda zai ji ɗaya ya ɗauka ɗayar ce. Su kuma sun haɗa ƙasa da matsoraci da mashayi da dattijo a kalma guda, sun bar mu muna dambe da ita.

Da na gaji, ranar kasuwar Makoda na koma asibitin ni kaɗai, na zauna har layi ya ƙare. Ashe likitan Hausa ce a bakinsa kamar ni da kai. Ya ce kalmar ba sunan cuta ba ce, kawai tana nufin wani sashe na jiki yana rawa ba da son mai shi ba. Yana iya zama shekaru, ko gado, ko matsalar jijiya, kuma sai an yi gwaji a babban asibiti a Kano kafin a sani. Na ce masa da ya faɗi haka tun farko da ba a ɓata wa mahaifina suna ba. Ya ba ni haƙuri, amma haƙurinsa bai kai majalisa ba.

Na mayar wa Baba duk abin da aka ce, ya ce ba inda za shi a ƙara laƙa masa wani sunan. Ranar Juma'a ya aika aka kira Badaru, wanzamin nan da suka shekara suna jayayya kan gidajen suna, Baba ya zauna a zaure ya sunkuyar masa da kai ya yi masa aski. Har aka gama askin hannun nan yana ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Na koma ɗaki don kada ya ga idona.

Don Allah Yaya ka kira shi da kanka, ka ce ya shirya mu tafi Kano. Maganarka yake ji. Amma kada ka saka masa Turanci ko kalma ɗaya.

Inna da Kawu da Yaya Hure suna gaishe ku. Ka gaishe min da Anti Ramlat, da Huseina da Yahya. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Aina'u