Inna Ta Ƙirga Mini Zuwa Goma

Yamai, 14 ga Maris, 1983

Zuwa ga yayana Attahiru, a Bangi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Ina Zali da yara? Ni lahiya lau nike, tuwon masarar nan ne dai har yau cikina bai saba da shi ba.

An maida ni sashen gwajin layukan waya. Ina aika jerin haruffa ta na'urar teleks zuwa wasu garuruwa, su maido mini, in duba ko wani ya ɓace a hanya. Kowace alhamis ƙarfe goma kuma ina gwada layin tarhon Madawa: in ƙirga ɗaya zuwa goma, Gado na gidan waya shi maimaita. In na ji Hausarmu a bakinsa, sai in ce ban ji sosai ba, shi sake.

Shef, shugaban sashenmu, ya gano ni, ya yi dariya, ya ce muryar kowa ta isa gwaji. Don Allah, yaya, alhamis mai zuwa ka kai Inna gidan wayar Madawa. Shekara biyu rabona da muryarta. Kada ta ji tsoron na'urar, ta ƙirga mini zuwa goma kawai, a hankali.

Allah shi tsare mini ku.

Ƙanenka,
Iliyasu