Barcin Zaune a Yamai

Zuwa ga ƙanena Ɗayyabu, a Bazaga.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Saude da yara? Jar akuyata ta haihu?

Da daɗewa na ji a tashar Ƙwanni wai wanda aka sa wa ƙarfe a maƙoshi ba ya komawa gida da ƙafarsa. Na ɗauke shi surutun 'yan tasha.

To, ga ni a Yamai an sa mini. Ciwon daji ya matse hanyar abinci, likitoci suka zura bututun raga na ƙarfe suka buɗe ta. Lafiya lau nake, kunu yana wucewa. Ƙirjin ne dai kamar an manta garwashi a ciki. Kuma bututun ba marfi, in na kwanta ko na yi sujada, abin da na sha sai ya dawo. A zaune nake salla, a zaune nake barci.

Na gode da kilishin da ka aiko. Ɗan yanki guda ya toshe bututun, da ƙyar suka ciro shi. Masu jinya sun ji daɗin sauran.

A share mini gonata, ina tafe kafin shuka in Allah ya yarda.

Daɗin barcin zaune, ɗana Ashiru ba ya gane ko farke nake. Jiya ya kunna saƙon waya kusa da kaina, na sake jin zancen nan na tasha, har da ƙarin wai a bar gonata a hannun mai maganar tun bana. Muryar na san ta tun tana kuka a goye. Taka ce, Ɗayyabu.

Yayanka, Hamisu.