Madubin Shaɗi

Landan, 9 ga Nuwamba, 1964

Yaya Alu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da matarka Adama da yara. Yaya shanu? Ka gaishe mini da Malam Sabi'u na Karofi.

Na gama karatu, kuma na ci jarrabawa. Lafiyata ƙalau, sai dai barci da ke yi mini wuya. Likita ya ce ba komai ba ne.

Saƙonka ya iso. Na kwance ina zaton daddawa ce daga Inna, sai ga madubin da na riƙe ranar shaɗi a Kurfi. Na gane nufinka. Amma ka gyara labarin da kake bayarwa a kasuwar Dutsin-Ma. Ban gudu ba, suma na yi, kai kuma kana cikin masu dariya.

Ilimin halin ɗan Adam na karanta, Yaya, ban kuwa ga inda tabon bulala ya zama hankali ba. Kai ka sha duka kana kallon madubi, fuskarka ba ta motsa ba, aka yi maka guɗa. Amma har yau in saniya ta ɓata, Adama ce ke shan mari.

Na ji za ka sa ƙanenmu Bilya a shaɗin bana. Ka san yana da ciwon ƙirji. In ka kai shi filin nan, ba ni ba kai.

Ga madubin na mayar maka. Kada ka ba Bilya. Kai ka duba, ba kiɗa, ba 'yan kallo.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanenka,
Maniru